Aron Ido: Shekara Guda da Manhajar Be My Eyes a Gidanmu

Kusan wata huɗu na yi da sanya manhajar Be My Eyes a wayata kafin ta yi ƙara ko sau ɗaya, har na kai ga mantawa da cewa tana ciki. Ranar da kiran farko ya shigo, ina zaune ne da yamma ina duba aikin makarantar ɗana na tsakiya, sai wayar ta yi wani irin sauti da ban saba ji ba, rubutu ya fito yana sanar da ni cewa wani mai lalurar gani yana neman taimako. Na danna amsawa, gabana yana ɗan faɗuwa. Abin da ya bayyana a wayar shimfiɗar ɗaki ce mai ruwan toka da ƙafar kujera, sai muryar wani dattijo da ya gaishe ni cikin nutsuwa, ya ce makullin akwatinsa ne ya suɓuce masa ya faɗi, ya yi ta lalube bai same shi ba. Nan take na hango makullin a gindin ƙafar kujerar, cikin ɗoki na ce masa ga shi can. Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni, ba tare da alamar ɓacin rai ba, ko can ɗin hagu ne ko dama.

Tambayar nan ta daɗe a raina. Mu masu ido, rabin maganarmu nuni ce: nan, can, wancan, kusa da wannan. Duk kalmomin nan ba su da amfani ga wanda ba ya ganin inda yatsanka ya nufa. Sai da na nutsu na ce masa ya miƙa hannun dama ƙasa, ya bi ƙafar kujerar ta gaba har ƙasa, ya matsa kamar faɗin tafin hannu zuwa wajen jikinsa, sannan na ji ƙarar ƙarfe a tsakanin yatsunsa. Ya yi godiya, na yi masa fatan alheri, kiran ya yanke. Duka-duka bai kai minti uku ba. Da na ɗago kai, sai na ga ɗana ya ajiye biro yana kallona, ƙanwarsa kuma ta zo ta tsaya a bayana ban sani ba. Wannan kallo nasu ne ya sa na ga ya kamata in rubuta wa iyaye irina abin da na fahimta game da wannan manhaja, bayan shekara guda ina amfani da ita a matsayin mai aikin sa kai.

Be My Eyes, wato ka zame mini idanu, manhajar waya ce ta kyauta wadda take haɗa makafi da masu raunin gani da mutane masu ido ta hanyar kiran bidiyo. Wanda ya ƙirƙiro ta, Hans Jørgen Wiberg, masassaƙin kayan ɗaki ne ɗan ƙasar Denmark, shi kansa kuma yana fama da lalurar gani. A hulɗarsa da ƙungiyar makafi ta ƙasarsu ya lura cewa mutum yakan buƙaci ido na ɗan lokaci kaɗan sau da dama a yini, kuma wani abokinsa makaho ya gaya masa cewa yana kiran 'yan uwa da abokai ta bidiyo su duba masa abubuwa. Matsalar ita ce wanda kullum mutane uku ko huɗu yake kira, zai wayi gari yana jin nauyinsu, yana auna buƙatarsa kafin ya ɗaga waya, wani lokaci ma ya haƙura. Wiberg ya gabatar da tunaninsa a wani taron masu ƙirƙira a birnin Aarhus a shekarar 2012, manhajar ta fito a wayoyin iPhone a watan Janairun 2015, sannan ta iso wayoyin Android a 2017. Yau ana amfani da ita a ƙasashe sama da 150, cikin harsuna sama da 180, masu sa kai sun kai miliyoyi, sun kuma ninka masu neman taimakon sau da yawa.

Yin rajista ba shi da wahala. Manhajar za ta tambaye ka ko kai mai neman taimako ne ko mai bayarwa, ka zaɓi harsunan da kake ji, ka ba ta izinin aiko maka da sanarwa, shi ke nan. Akwai ɗan gwaji da ke nuna wa sabon shiga yadda ake amsa kira, kuma ina ba kowa shawara ya yi shi, domin ranar da kiran gaske zai zo babu lokacin neman inda ake dannawa. Idan makaho ya kira, sanarwar takan tafi wa mutane da dama a lokaci guda, waɗanda suke jin harshensa kuma rana ce a inda suke, wanda ya riga amsawa shi ake haɗawa da shi. Kai kana ganin abin da kyamarar bayan wayarsa take nunawa, shi ba a nuna masa hotonka, murya ce kawai take tafiya ta ɓangarori biyu. Ba a ba ka lambarsa, ba a ba shi taka. Idan wurin da yake da duhu, kana iya kunna fitilar wayarsa daga taka wayar, kuma wannan ƙaramin abu ya fi amfani fiye da yadda na zata, domin wanda ba ya gani ba lallai ne ya san ɗakin ya yi duhu ba.

A wannan tsari na aika kira ga mutane da yawa ne na ga hikimar da ta fi burge ni. Mai kira ya san cewa bai katse wa kowa aiki dole ba, domin duk wanda ya ɗauka, da son ransa ya ɗauka. Wanda yake tuƙi ko yake cikin taro ya bar wayar ta yi ƙararta, wani zai amsa. Saboda haka makaho zai iya kira sau goma a rana bai ji ya zama kaya a wuyan kowa ba, mai sa kai kuma ba ya kwana da damuwar cewa ya bar mabuƙaci a tsaye. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin taimakon mutane, ko na jinyar mako biyu ne, ya san cewa roƙon ya fi ciwon ciwo. Manhajar ta cire wannan nauyi daga wuyan mai roƙo, kuma a ganina wannan ne babban abin da ta kawo, ya fi fasahar bidiyon kanta, wadda dama tana nan kafin ita.

Buƙatun da suka zo mini cikin shekarar nan ƙanana ne, irin waɗanda mai ido yake yi bai ma san ya yi ba. Wata mata ta so in gaya mata wace ce shuɗiya a cikin rigunan da ta shimfiɗa a kan gado. Wani saurayi injin wankinsa ne yake nuna wasu haruffa da lambobi, yana so a karanta masa. Wata kuma wasiƙa ce ta zo mata, tana so ta san daga ina take kafin ta yanke shawarar wanda za ta ba ya karanta mata cikinta. Wannan ta ƙarshe ta koya mini abu. Na karanta mata sunan wanda ya aiko, bakina har ya buɗe zan ci gaba da layin da ke ƙasa tunda ina ganinsa, sai ta ce ya isa haka. Na tsaya. Wasiƙarta ce, sirrinta ne, ni ido kawai ta ara. Tun daga ranar na gane cewa mai kira shi ne jagoran kiran, shi ya san abin da yake so da iyakar abin da yake so, aikina shi ne in faɗi abin da na gani daidai, in kuma yi shiru a kan abin da ba a tambaye ni ba: kayan da suka watse a ɗaki, ko shekarunsa, ko dalilin da ya sa yake zaune shi kaɗai.

Wannan shi ne darasin da na fi so yarana su ɗauka, kuma shi ne wanda na kasa koya musu da baki shekara da shekaru. Yaro yana da saurin tausayi, amma tausayin da ba a tarbiyyantar da shi ba yakan zama raini cikin sauƙi, ka ga yaro ya kama hannun makaho ya ja shi ba tare da ya tambaye shi inda za shi ba, ko ya ɗaga murya yana yi masa magana kamar kunnensa ne ya samu matsala. Bayan kiran dattijon nan, 'yata ta ce mini, “Baba, abin tausayi.” Na tambaye ta me ta ji a muryarsa da ya ba ta tausayi. Ta yi tunani ta ce ba komai, ya ma fi ni nutsuwa. Daga nan muka shiga hira a kan yadda mutumin ya buɗe manhajar da kansa, ya kira, ya riƙe waya, ya gyara mini kuskurena. Na nuna musu manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan waya, VoiceOver a iPhone da TalkBack a Android, muka kunna ta, suka rufe ido suka gwada aika saƙo, suka ga irin ƙwarewar da abin yake buƙata. Na ba su labarin Louis Braille, yaron nan ɗan Faransa da ya makance yana ƙarami, ya kuma tsara rubutun makafi a 1824 yana ɗan shekara 15. Tun daga lokacin ban sake jin kalmar tausayi a bakinsu game da masu kiran ba, sai dai tambayar ko na iya kwatance da kyau.

Kwatancen ma ya zama abin da muke gwadawa a gida. Ɗaya zai rufe ido, ɗaya ya jagorance shi da baki kawai zuwa ga wani abu da aka ajiye, ba a yarda a ce nan ko can ba, ba a yarda a taɓa shi ba. Mun koyi amfani da fuskar agogo wajen nuna wuri, a ce abin yana wajen ƙarfe uku, wato dama sosai, ko ƙarfe goma sha biyu, wato gaba tsaye. Na lura cewa ɗana na tsakiya, wanda yake da gajen haƙuri da ƙanwarsa, a wannan wasa dole yake sassauta murya ya jira ta, domin in ya yi gaggawa ita ce za ta yi karo da kujera, kuma laifin nasa ne a idon kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban taɓa samun hanyar tanƙwarawa mai taushi kamar wannan ba.

Sai dai dole in ja hankalin iyaye a kan wani abu. Manhajar ba wasan yara ba ce, kuma ba a yi ta domin tarbiyyar 'ya'yanmu ba. An yi ta ne domin biyan buƙatar mai kira. Wanda ya buɗe kyamararsa ya nuna maka cikin ɗakinsa ya ba ka amana, ya kuma ɗauka cewa mutum ɗaya ne yake kallo. Don haka rajistar da sunana take, ni nake amsawa, kuma idan yara suna kusa nakan gaya wa mai kiran tun farko. Idan takarda ce ko wani abu na sirri, nakan tashi in koma gefe. Ba ma ɗaukar hoton kiran, ba ma yaɗa labarin kowa da wata alama da za a gane shi, kuma na hana yaran zuwa makaranta suna ba da labarin cewa mun taimaki makaho kamar wata lambar yabo. Wanda yake son ya nuna wa duniya alherinsa, wannan manhaja ba za ta gamsar da shi ba, domin ba wanda yake gani, ba wanda zai tafa, mai kiran ma da wuya ku sake haɗuwa har abada.

Abin da sabon mai sa kai zai fara cin karo da shi shi ne ƙarancin kira. Tunda masu son taimakawa sun fi masu nema yawa nesa ba kusa ba, mutum zai iya yin makonni ko watanni bai ji ƙarar ba, kuma sau da yawa kafin ka ciro wayar daga aljihu wani ya riga ka. Ga makaho wannan alheri ne, domin ma'anarsa ba zai daɗe yana jira ba, musamman a manyan harsuna. Ga iyalin da suke zaton sun samu hanyar yin aikin alheri kullum, gaskiya abin zai zo musu ba yadda suka zata ba. Akasin haka yake a harsunan da masu sa kai suka yi ƙaranci, inda mai kira zai iya jira ya gaji. Saboda haka duk mai jin harshe fiye da ɗaya ya kamata ya sanya su duka, domin wataƙila a ƙaramin ne aka fi buƙatarsa. Haka kuma kiran bidiyo yana cin data, yana buƙatar intanet mai ƙarfi, kuma idan hoton ya dusashe ba za ka iya karanta ƙananan haruffa ba. A irin wannan hali, in ban tabbata da abin da na gani ba, musamman lamba ko kwanan wata, nakan faɗa masa kai tsaye cewa ban gani da kyau ba, ya sake kira ko ya nemi wani, domin kuskuren da na yi da kyakkyawar niyya a kansa zai faɗa. Manhajar kuma ba ta neman agajin gaggawa ba ce, ba ta maye gurbin sanda ko ƙwarewar mutum wajen tsallaka titi.

A watan Maris na 2023 kamfanin Be My Eyes ya sanar da wani sabon sashe mai aiki da ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4 daga kamfanin OpenAI, wanda daga baya aka sa wa suna Be My AI. Mai amfani zai ɗauki hoto, na'ura ta bayyana masa abin da ke ciki dalla-dalla, ya kuma yi mata ƙarin tambayoyi. Da farko na ji kamar an zo a karɓe mana ɗan abin da muke yi, amma da na yi tunani sai na ga son kai ne a cikin wannan ji. Akwai abubuwan da mutum ya fi so ya tambayi na'ura da ya tambayi baƙo, akwai kuma wanda yake so a bayyana masa hoton jikokinsa sau biyar ba tare da ya ji ya gajiyar da kowa ba. Na'urar tana iya kuskure, kuma tana faɗin kuskuren da cikakken tabbaci, shi ya sa aka bar hanyar komawa ga ɗan Adam a buɗe. Akwai kuma sashen da ke haɗa mai kira kai tsaye da ma'aikatan wasu kamfanoni domin matsalar kayansu, wanda Microsoft ya fara shiga a 2018, Google ya biyo baya. Daga irin wannan haɗin gwiwa ne kamfanin yake samun abin tafiyar da aikinsa ba tare da ya karɓi komai daga makafi ko masu sa kai ba. Ina kuma ba duk mai shirin yin rajista shawara ya karanta ƙa'idojin sirri da kyau, domin a 2024 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa ba da bidiyon kiraye-kiraye don horar da ƙirƙirarriyar basira, tare da bai wa masu amfani damar ƙin amincewa. Wanda bai karanta ba, ba zai san yana da wannan zaɓi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne suke da wani nau'i na raunin gani, kuma a cikinsu aƙalla biliyan 1 da an iya kare lalurar tasu ko kuma har yanzu ba a kula da ita ba. Yanar ido da rashin tabarau da ya dace suna kan gaba a cikin dalilan. Adadin da ya kai haka yana nufin da wuya a samu dangin da babu mai wannan lalura a cikinsu. Mu ma muna da ita, gwaggona, wadda ganinta ya yi ta raguwa shekara bayan shekara. Abin da ya fi taɓa ni a cikin shekarar nan shi ne ranar da maiɗakina ta ce da ni, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, cewa ina tashi da gudu in amsa kiran baƙon da ban sani ba, alhali Gwaggo ta yi mako uku ban leƙa ta ba. Gaskiya ta faɗa. Taimakon baƙo na minti uku yana da sauƙi, yana da daɗi, ba ya dawowa gobe da wata buƙata. Na ɗan uwa kuwa yana zuwa da maimaici da ƙorafi da tsohon tarihi. Manhajar ba ta da laifi a nan, amma tana iya sa mutum ya ji ya sauke nauyin da bai sauke ba.

Abin daɗi shi ne manhajar tana da sashen da mai lalurar gani zai iya haɗa rukunin mutanen da ya amince da su, 'yan uwa da abokai, ta yadda kiransa zai tafi gare su kawai, wanda ya samu sarari ya amsa. Mun kafa wa Gwaggo irin wannan rukuni, ni da maiɗakina da 'ya'yanta biyu da wata maƙwabciyarta. Sai da muka zauna da ita sau da dama kafin hannunta ya saba da wayar, kuma babbar 'yata ce ta fi kowa haƙurin koya mata. Yanzu idan tana son sanin launin mayafi ko abin da aka rubuta a jikin wani kwali, ba ta zaɓen wanda za ta takura wa, dannawa ɗaya take yi. Wannan sashe ne nake ganin ya fi dacewa da iyali, kuma shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba.

Ga babban mutum mai waya da intanet, mai haƙurin jira da iya riƙe amana, ina ba da shawarar wannan manhaja da zuciya ɗaya, kuma ga wanda yake da mai lalurar gani a gida ina ganin ya kamata ya zauna da shi su gwada ta tare tun yau. A gidanmu ta zauna daram. Yaran sun san sautinta, kuma in ta yi ƙara, ko ana cikin hayaniya, ɗakin yakan yi tsit, wani ya miƙo mini wayar da sauri. Makon da ya wuce kiran Gwaggo ne ya shigo ina wanka, maiɗakina ta amsa daga tata wayar, ta karanta mata abin da take so, sannan Gwaggo ta ce a gaya mini ranar Asabar tana jiran mu, kuma in zo da yaran.